Shekarar Da Baffa Ilu Ya Tsaya Mana Mu Biyu

Na san abin da ake gaya muku a gidajen biki da zarar na ba da baya. Ana cewa uwarku ce ta kai uban da ya riƙe ta gaban alƙali saboda gona, har ta raba shi da ɗansa. Tun kuna ƙanana maganar nan take yawo, ban kuma taɓa tanka ta ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye a lokacin, ni kuma ba na son a riƙa jan sunan dattijon da ya yi mini komai. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafata ɗaya tana can, saboda haka zan faɗe ta yadda ta faru. Ke Hadiza da kika yi karatun lauya, kin taɓa gaya mini wani dogon suna na Turanci da kuke kiran irin wannan matsala da shi, wato mutum ɗaya ya tsaya wa masu shari'a biyu. Kafin ki rufe baki na manta sunan. Mu a ƙauye cewa muke yi taura biyu ba ta taunuwa, kuma da idona na ga mutumin kirki ya jefa su baki.

Mahaifina ya rasu ina da ƙuruciya ƙwarai, ban fi in tuna tsawonsa da warin tabar da yake sha ba. Ni kaɗai ya bari. Abin da ya mallaka mai daraja shi ne fadamar rake da ke gangaren ƙauyenmu ta wajen Maska, wadda ya sare da hannunsa. Da malamai suka zauna rabon gado, aka fitar wa mahaifiyata da tumuninta a hatsi ta koma wurin danginta a Tsiga, aka ce rabin fadama nawa ne, ragowar kuma na ƙanensa ne, Baffa Ilu. A baki aka raba, ba a ja iyaka a ƙasa ba, don ba wanda ya ga dalili. Baffa ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, ya ci gaba da noma fadamar gaba ɗaya, muna ci tare.

Baffa Ilu dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana. Ba mai gari ba ne, ba liman ba ne, amma zaurensa ake kawo rigimar iyakar gona da ta aure kafin ta kai ga hukuma, saboda an san ba ya ƙarya ko da wasa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hauwa'u, don haka bakinsa bai taɓa furta sunana ba. Uwata yake ce mini. In ya dawo daga kasuwar Funtua, ƙullin alewata daban yake, 'ya'yan cikinsa su yi ta ƙunƙuni, shi kuwa ya ce wa ya taɓa ganin an haɗa uwa da yara a rabo. Ɗakin da nake kwana yana jingine da zaure, don haka duk shari'ar da ya sasanta na ji ta ta bango. Ban san karatu nake ɗauka ba.

Da na isa aure, aka ce a yi tuwona maina, a ba ni babban ɗansa, Yaya Hamisu. Kada wani ya gaya muku tilas aka yi mini. Ni da kaina nake leƙensa ta katanga, kyakkyawa ne, ga dariya, ga iya ɗaura hula. Ranar ɗaurin aure aka yi ta raha, domin Baffa ne waliyyin amarya, shi ne kuma uban ango. Aka rasa wanda zai nema da wanda zai bayar, sai da ya roƙi wani maƙwabci ya karɓa wa Hamisu. Mutane suka ce Malam Ilu ya ciro daga aljihun dama ya zuba a na hagu. Ranar kowa dariya ya yi, har da ni da aka kawo mini labari cikin lulluɓi.

Yaya Hamisu ba mugu ba ne, fartanya ce kawai ba ya so. In ya ji kukan mota a kan hanya sai ya saki kunya a tsakiya ya tsaya kallo. Ya fara da karen mota a tashar Funtua, ya koyi tuƙi, aka ba shi babbar mota yana kai kaya Kurmi. Da farko yana dawowa duk bayan 'yan makonni da burodi da turmin atamfa, ni kuma ina hura hanci a cikin mata. Daga baya makonni suka zama watanni, sannan ƙafa ta ɗauke gaba ɗaya. Damina uku ba shi, ba saƙo, ba ko sabulu. A cikin ta biyu ƙyanda ta shigo gari ta ɗauke mana 'yarmu Rabi, tana fara tafiya ke nan. Baffa ya je tasha da kansa ya ba direbobi saƙo, wanda ya kai saƙon kuma ya dawo ya tabbatar mana hannu da hannu ya gaya masa. Na yi ta sauraron sallamarsa har aka yi sadakar arba'in. Bai zo ba. Daga ranar zuciyata ta fita daga auren, ban kuma yi ƙoƙarin maido ta ba.

Shekarar da 'yan Arewa suka yi ta dawowa gida daga Kurmi a firgice, sai ga shi ya sauka da tabarma da rediyo, ya rame. Na gode wa Allah da ya tsira da ransa, ɗan'uwana ne, na dafa masa ruwan wanka na kai masa tuwo. Amma da ya nufi ɗakina na tsaya a bakin ƙofa na ce ya sawwaƙe mini. Ya ɗauka fushi ne na kwana biyu. Da ya ga wata ya wuce ban sauko ba, shi ma ya hau dokin zuciya, ya rantse ba zai sake ni ba ko zan tsufa a haka. Baffa ya zaunar da mu ya fi a ƙirga. Ya yi nasiha, ya kawo misalin harshe da haƙori, ya sa Inna Tabawa matarsa ta yi ta lallashina. Da na ce to ni zan kai maganar gaban alƙali a Funtua, sai ya girgiza kai.

"Uwata, macen gidan nan ba ta taɓa zama gaban alƙali ba, ba kuma za a fara da ke ba ina raye," in ji shi. "In kin ƙi sai an je, ni za ni. Ni ne wakilinki. Wa gare ki da ya fi ni?"

Gaskiya ya faɗa, ba ni da wanda ya fi shi. A zamanin nan lauyoyi ba sa shiga kotun alƙali, ko kai ka tsaya da kanka, ko ka wakilta wani babba naka ya yi magana da bakinka. Na ji daɗi har na yi hawaye. Na zauna na zazzage masa cikina, abin da ya sani da wanda bai sani ba, har da maganganun da mace ba ta gaya wa uba. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, in ya tashi daga ƙofar ɗakina, zaure yake komawa ya sa hannu a akushi ɗaya da wanda nake ƙara. Kuma abin dariya, Baffa bai iya keke ba. Duk ranar zaman kotu, Yaya Hamisu ne yake tuƙawa, Baffa yana zaune a baya ya tattare babbar riga. Haka wakilin mai ƙara da wanda ake ƙara suke fita a keke ɗaya, su dawo a keke ɗaya, mutanen gari suna yi musu a dawo lafiya. In na tambaya, Baffa ya ce ana kan magana.

Rannan bayan la'asar ya kira ni. Fuskarsa a sake, kamar wanda ya sauke kaya.

"An samu mafita, Uwata. Hamisu ya yarda za ya sake ki. Hul'i za a yi, ki fanshi kanki. Ba sai kin nemo ko anini ba, rabonki na fadama za ki bar mashi. Zama mai zuwa alƙali za ya tabbatar."

Na ce, "Baffa, fadamar Baba?"

"Ina za ta? Tana nan cikin gida. Ke kin samu kanki, shi ba a kira shi wanda ya kasa riƙon iyali ba a bainar jama'a, gona kuma ba ta tsage ba. Ba wanda ya yi asara. In kin yi wani auren mijinki za ya ciyar da ke, in kin dawo nan gidanku ne."

Ku fahimci wannan wuri da kyau, don a nan duk maganar take. Hanya biyu ce mace take bi ta rabu da miji a gaban alƙali. In ita ce kawai ta gaji, ba laifin da ya yi mata, sai ta ba shi wani abu ta fanshi kanta, shi ne hul'i. In kuwa shi ya tafi ya bar ta ba ci ba sha ba sutura, alƙali ne zai bi mata hakkinta, ba ta biyan komai. Ba a makaranta na koyi wannan ba. Daga bakin Baffa na ji shi ta bangon zaure, yana gaya wa iyayen wasu matan, ba sau ɗaya ba. Ni ta hanya ta biyu na aike shi, shi kuma ya je ya bi da ni ta farko. Ban ce ya yi don ya cuce ni ba, har yau ban yarda da haka ba. Ya duba ne ya ga ta inda 'ya'yansa biyu za su fita ba wanda ya ji kunya, ya auna da mudun gida, ya ga daidai ne. Sai dai duk abin da aka zuba a mudun nan daga buhuna aka ɗebo.

Na koma ɗaki. Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Fadamar nan ita kaɗai ce abin da ya rage mini na mahaifina, ita ce kuma abin da zan dogara da shi in na fita daga gidan a matsayin bazawara. In na bar ta, na fita da zanen jikina ke nan, bayan ni aka yi wa laifi.

A lokacin kakar auduga ce, akwai wata mata Saratu da take zuwa sayen man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wurina. Kirista ce, mutuniyar Gozaki, mijinta malamin awo ne a kasuwar auduga, suka sauka a garinmu na 'yan watanni. Mace ce mai baki, in ta zauna sai an tuna mata da tukunyarta. Ta same ni ina tuyar ƙuli ina ƙona shi, ta matsa sai da na gaya mata. Ta riƙe haɓa, sannan ta ba ni labarin yayarta. Ita yayar auren coci ta yi mai rajista, irin wanda alƙali ba ya kashewa sai babbar kotu. Da zama ya ƙi, suka tattara suka tafi Zariya wurin wani lauya. Ya saurare su har suka ambaci sunan mijin, sai ya ɗaga hannu ya ce su tsaya. Ashe mijin ya riga su zuwa wurinsa.

"Wallahi Hauwa, da kuɗinmu a hannu, har da kaza muka kai mashi, ya ce mu ɗauki abinmu," in ji Saratu. "Ya ce kunnenshi ya riga ya sha sirrin wancan, in ya sha namu kuma, ko bai yi niyya ba sai ya cuci ɗaya. Ya kwatanta mana ofishin wani. Mu muna ta zaginshi a hanya, muna cewa girman kai ne. Sai daga baya muka gane mutunci ya yi mana. To wannan ma bare ne, bai haɗa komai da kowa ba. Ke naki wakilin shi ya haifi wanda kike ƙara. In ya matse shi, ɗanshi ne, in ya matse ki, ɗiyarshi ce. Ke kam kin ga wadda ta fi sauƙin matsewa."

Maganar ta zauna mini. Na ga ashe ba ni kaɗai aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfina ba, shi ma Baffa na ɗora masa. Ana gobe zaman kotu na same shi yana gyaran igiyar doki a bakin injin rake, ƙamshin mazarƙwaila ya cika wurin. Na durƙusa na ce ina neman izini in je in yi magana da bakina.

"Ba ki yarda da ni ba ke nan, Uwata?"

"Na yarda da kai, Baffa. Shi ma Yaya ya yarda da kai. Abin da ya sa ke nan."

Ya dube ni, ya mayar da kai kan igiyarsa. Ya ce bai ba ni izini ba. Tunda nake ban taɓa tsallake maganarsa ba, kuma ina so ku sani ban tsallake ta da sauƙi ba. Da safe suka hau kekensu suka tafi. Na yafa mayafi na gaya wa Inna Tabawa inda za ni, don kada a ce na fita a ɓoye. Ta kama kuka tana cewa zan tona musu asiri. Saratu ta sa mijinta ya roƙi direban motar auduga, muka hau can saman buhuna, ni da ban taɓa hawa abin da ya fi jaki tsawo ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai na yi salati, Saratu tana dariya tana cewa wadda za ta gaban alƙali ce take tsoron rami.

Kotun ɗaki ne mai faɗi, an shimfiɗa tabarmi, ɗan doka a bakin ƙofa. Alƙali dattijo ne mai farin gemu, muhutinsa yana gefe yana rubutu. Mata suna zaune ta baya a rakuɓe, na shiga cikinsu na ja mayafi. Da aka kira shari'armu, Baffa da Yaya Hamisu suka matso suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Baffa ya fara bayani cewa an daidaita a gida, mai ƙara za ta fanshi kanta da rabonta na fadama. Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba.

"Allah ya gafarta Malam, ni ce Hauwa'u mai ƙara. Na zo in karɓi bakina."

Baffa bai waiwayo ba, amma na ga wuyansa ya sandare. Alƙali ya sa aka matso da ni, ya tambayi Baffa ko ni ce, ya ce ni ce. Ya tambaye ni ko na janye wakilcin da na ba shi. Na ce na janye, ba don ya taɓa yi mini ƙarya ba, sai don uban wanda nake ƙara ne. Alƙali ya gyaɗa kai, ya ce wa Baffa ya ɗan ja baya, tunda mai magana ta zo. Dattijon da ake kawo wa shari'a har zaurensa ya ja jiki a kan tabarma ya koma gefe, a gaban 'yan kasuwa da masu rigimar awaki. Wannan jan jikin har yau ina ganinsa, kuma har yau yana yi mini ciwo.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi komai, damina ukun, da rashin saƙo, da rasuwar Rabi. Na ce ban zo fansar kaina ba, hakkina na zo nema. Alƙali ya juya ga Yaya Hamisu. Shi kuwa ya zauna da direbobi ya ga gari, bakinsa ya buɗe.

"Allah ya gafarta Malam, a tambaye ta ko ta taɓa kwana da yunwa. Gidanmu na bar ta. Ubana ya ciyar da ita a madadina, ya tufatar da ita. Abin da uba ya yi ai ɗa ne ya yi."

Na san maganar tana da ƙafafu. Alƙali ya shafa gemu ya ce lallai in uban ya ciyar da ita ne da sunan ɗansa, to ba a bar ta ba ci ba sha ba, sai dai a koma maganar fansa. In kuma ba da sunansa ba ne, to miji bai sauke nauyinsa ba. Ya ce mutum ɗaya ne ya san wannan. Ya dubi gefen da Baffa yake.

"Malam Ilu, ɗazu kai wakili ne, yanzu shaida nake nema. Abincin da yarinyar nan ta ci shekarun nan, da sunan wa ka ba ta?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da fadamar mahaifina, kuma tana bakin mutumin da na kunyata yanzun nan. In ya ce da sunan Hamisu, ba mai ƙaryata shi, ni kaina ba ni da hujja. Yaya Hamisu ya juya yana kallonsa da murmushi, irin na yaron da ya san ubansa ba zai bari ya faɗi ba. Muhuti ya ɗago kai daga rubutu. Na ga yatsun Baffa suna murza bakin riga. Da ya buɗe baki, ba ni ya kalla ba, ba kuma ɗansa ba.

"Hamisu bai bar mani ko zangarniya ɗaya ba, bai kuma ce in ciyar mashi ba. Abin da ta ci, daga fadamar ubanta ya fito. Ɗiyar yayana na ciyar, ba matar ɗana ba."

Alƙali ya fara bayanin cewa zai ba miji wa'adi ya kawo ci da sha da sutura, in ya kasa a raba. Yaya Hamisu bai bari ya ƙarasa ba. Ya miƙe tsaye, ɗan doka yana daka masa tsawa ya zauna.

"Baba, ni ka tona wa asiri gaban duniya? To ku riƙe gonarku. Na sake ta. A rubuta."

Aka rubuta. Ya fita bai ko ɗauki hularsa da ta faɗi ba, ya nufi tasha. Daga baya muka ji ya bi wata mota zuwa Jos. Da muka fito, keken yana jingine a gindin bedi inda suka ajiye shi. Baffa ya tsaya yana kallonsa. Na gaya muku bai iya hawa ba. Ya kama ƙahon ya fara turawa, ni kuma na sallami Saratu na bi bayansa. Haka muka taka tun daga Funtua har gida, shi a gaba da keke, ni a baya da hular Yaya Hamisu a hannu. Masu wucewa suna ce masa, Malam, faci ya yi ne? Ya ce a'a.

A gidansa na yi idda, ba a rage mini ko loma ba. Da aka gama yankan rake ya kira dattawa biyu, ya auna fadamar da igiya, ya dasa gamba a tsakiya. Ɓangaren da rijiya take ya bar mini, ko da yake ba wanda ya ce sai ya yi haka. Amma daga ranar kotu bai ƙara ce mini Uwata ba. Sunana ba zai iya faɗa ba, don haka ya koma ce mini ɗiyar Yaya. In na gaishe shi ya amsa, in na kai masa abinci ya ci ya sa albarka, iyakarta ke nan. Inna Tabawa kuwa ta daɗe ba ta haɗa ido da ni ba, kuma ban ga laifinta ba, ɗanta ne ya tafi.

Da babanku ya zo neman aurena, na yi ta fargabar wanda zai tsaya mini, don ban da fuskar da zan tunkari Baffa. Ashe shi bai ga abin tambaya a ciki ba. Babanku ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce da liman ya tambayi waliyyin amarya, Baffa ya matso ya ce shi ne, sannan ya ƙara da cewa yau ita kaɗai ya zo wa. Waɗanda suka halarci aurena na fari suka tuna rahar aljihun dama da na hagu, amma a wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Fadamar nan kun san ta. Raken cikinta ne ya saya muku littattafai, mazarƙwailarta ce ta kai Hadiza har inda ta koyo dogon sunan nan. Shekarar da ciwo ya kwantar da babanku, ita ta riƙe gidan. Ban taɓa nadamar hawa motar audugar nan ba, in aka mayar da ni yau zan sake hawa. Sai dai kada ku ɗauka kyauta na same ta. Yaya Hamisu bai sake taka garinmu ba sai bayan rasuwar ubansa. Shekara da shekaru, in babbar mota ta rage gudu a kan hanya, sai in ga Baffa ya dakata da abin da yake yi ya kasa kunne, har ta wuce. Keken kuma yana rataye a zaure, ya hana kowa hawa, tayoyin suka bushe suka tsattsage. Ni na sa aka yi masa tambayar da ta jawo haka, shi kuma ya amsa ta da gaskiya alhali yana da hanyar kaucewa. Saboda haka in kun ji ana cewa na kai ubana ƙara, ku ce ba haka ba ne. In kuma kun ji wani yana cewa Baffa Ilu ya so cinye gonar marainiya, wannan ku tsaya ku yi faɗa da shi.

A ciwonsa na ƙarshe na dawo gida na yi jinyarsa, idonsa ya riga ya tafi. Wata safiya na dama kunun tsamiya na kai masa. Ya ji motsin labule, ya ɗago kai da sauri.

"Hamisu ne?"

"Ni ce, Baffa."

Ya mayar da kai kan matashi a hankali. Can ya ce, "Ke ce, Uwata. Ajiye nan."

Ban sani ba ko yafe mini ya yi, ko mantuwar tsufa ce ta mayar da shi baya. Ban tambaye shi ba. Na ajiye kunun, na zauna ina fifita shi har ya huce.